Garin Masu Shinshinar Tukunya

Ba na kiran sunan ɗana na fari. Haka na tarar iyayenmu suna yi, haka ni ma na ci gaba, duk da cewa a Agege na haife shi, inda maƙwabtana ke ƙwala wa 'ya'yansu kira tun daga bakin titi. In ina nemansa sai in ce “kai yaron nan”, ko in aika ƙanwarsa. A wannan rubutun ma haka zan bar shi.

Gidan da muke haya irin na Legas ne, ɗakuna suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya, wurin girki ɗaya a can baya. Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwar Bayarabiya ne, mai sayar da kamu, wanda su suke ce wa ogi. Kowa Iya yake ce mata, har ni. Tun maigidana yana da rai muke ciyayya da ita. Kwano ɗaya ne ke kai da kawowa tsakaninmu, na samira, fari mai zanen jan fure, bakin murfinsa ya ɗan ɓantare. Asalinsa nata ne. In ta zubo mini amala da miyar ewedu, ni kuma in na tuƙa tuwo sai in zuba mata a ciki in mayar. Ba a mayar da shi wayam. Ba wanda ya kafa mana wannan doka, amma ba mu taɓa karya ta ba.

Shekarar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki, gari ya rikice. Ba zan ba da labarin abin da aka yi ba, waɗanda suka gani sun sani, ni kuma ba na son tunawa. Abin da ya shafe ni shi ne, ɗan Iya ya zo da sassafe ya kwashe ta zuwa gidansa a tsallaken layin dogo, inda Yarabawa suka fi yawa. Ko sallama ba mu yi ba. Da na fito sai na ga kwaɗo a ƙofarta. Kwanonta kuwa yana wurina, na wanke na kife a kan kabad.

Bayan ƙura ta ɗan lafa, sai wani mutum ya bayyana a unguwarmu. Mai kuɗi ne, yana da manyan motoci, an kuma ce kujerar kansila yake nema. Ya ɗaura lasifika a kan wata danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, yana zagaye lunguna. Yara suka sa masa Mai Lasifika. Maganarsa ɗaya ce kullum: mu muke ciyar da garin nan, shanu namu ne, albasa da tumatir namu ne, amma mu ake rainawa. Kada a saya a wurin Yarabawa, kada a sayar musu, kada a ci abincinsu. A tsallaken layin dogo ma akwai wani mai irin wannan lasifikar, yana faɗin irin tasa da Yarabanci. In iska ta juyo, duka biyun muke ji.

Yaron nan mahauci ne a kwata, ya gaji wuƙaƙen babansa. Yaro ne mai sanyin hali, amma a rikicin an ƙone rumfar wani amininsa, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya fara bin danfon nan. Ya daina amsa gaisuwar Yarabawan da suka rage a gidan, alhali da bakinsu ya fara magana kafin namu. Wata rana ya ga kwanon a kan kabad ya ce, “Inna, ki jefar da abin nan.” Na bar kwanon inda yake.

Sai ƙanwarsa ta zo mini da labari: Mai Lasifika ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari su taru a bakin layin dogo, kowa ya zo da kayan sana'arsa, za a tsallaka a nuna wa mutanen can cewa mu ma muna nan. Kayan sana'ar ɗana wuƙa ce. Na yi masa magana a hankali, ya sunkuyar da kai ya ce, “To Inna.” Na san irin wannan “to” ɗin. Babansa ma yana da ita.

Ita yarinyar tana sakandare, an kuwa rufe makarantu. Ni ma ajinmu na yaƙi da jahilci, da muke yi da yamma a wata firamare, an dakatar da shi. A lokacin na iya haɗa baƙi, amma ban iya karatu a zuci ba. Sai na ɗora yatsa a kan layi, in furta kowace kalma a fili, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Na damu kada abin da na koya ya gudu, sai na ce ta samo mini abin karantawa. Ta miƙo mini littafin rubutunta na makaranta ta ce, “Ga labari nan na rubuta da Hausa. Ki gwada.”

Na zaci tatsuniya ce. Ashe ba labarin da can ba ne, labarin gaba ne, na zamanin jikokinta. Kuma a Agege ɗinmu aka yi shi.

A labarin, masu lasifika biyu sun ci zaɓe, kowa a ɓangarensa. Suka sa aka gina katanga a kan layin dogo, mai tsawon da ko hayaƙin girkin wancan gefen ba a hangowa. Aka kafa doka cewa kowace ƙabila miyarta kaɗai za ta dafa. Aka ɗauki samari aiki, aka ba su kaki da sanda, suna bin gida gida da hantsi suna buɗe tukwane suna shinshinawa. Matar da aka ji ƙamshin miyar wancan gefen a tukunyarta, sai a fasa tukunyar, a kai ta ƙofar katanga a tura ta waje. Yara a makaranta ana koya musu su kai ƙarar iyayensu mata.

Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba na rufe littafin.

“Ke, wane irin mugun fata ne wannan?” na ce mata. “Ana cikin wannan hali ki zauna ki rubuta masifa da hannunki? Ba ki san ba a ambaton mugun abu ba? In aka dace da bakin mala'iku suka ce amin fa?”

“Inna, ba addu'a ba ce, labari ne.”

“Labarin ma da baki ake yin sa. Kawo ashana.”

Ta rungume littafin a ƙirji. “Inna, ranar da za mu je Ojo wurin Gwaggo, me kika ce mini a tasha? Kin ce in na saki hannunki mota za ta take ni, a kwashe ni a buhu. Fata kika yi mini?”

“Wannan ai tsoratarwa ce, don ki riƙe hannuna.”

“To ni ma hannun nake so a riƙe.”

Ban ƙone shi ba, amma na ce ta ɓoye shi inda ba zan gani ba. Kwana na yi ina juya maganar. Da safe ni da kaina na ce ta ɗauko. Na ce mata, “Masu kakin nan naki, ai an taɓa yin irinsu. Muna yara a gida akwai duba-gari, suna shiga har tsakar gida su leƙa randa. In suka ga tsutsa sai su kifar da ruwan. Mata har ɓoye tulu suke yi a ƙarƙashin gado.” Ta yi tsalle ta ce in ƙara mata bayani, ta shigar da shi. Kun ji yadda aka yi na sa hannu a abin da na so ƙonewa.

Ranar Juma'a da hantsi, yaron nan bai je kwata ba. Ya fito da dutsen wasa wuƙa baranda, ya zauna a bakin ƙofar Iya, ya baje wuƙaƙe a kan buhu yana wasawa. Ƙarar nan tana shiga mini har cikin haƙora. Na ɗora ruwan tuwo, na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ɗauko littafin na zauna a kan tabarma. Ba dabara na shirya ba. Tsoro ne ya hana ni zama haka kawai, karatu kuwa a fili kaɗai na iya shi.

Na fara daga farko, yatsa a kan layi. Ina jin wasa wuƙar yana tsayawa yana ci gaba. Da na zo wurin masu shinshinar tukunya sai ya tuntsire da dariya.

“Wa ya rubuta wannan shirmen?”

“Ni ce,” in ji ƙanwarsa daga ɗaki. “In ka iya ka rubuta naka.”

“Aikin gwamnati guda, wai shinshinar miya! Da hanci za a biya su albashi?”

“Kai da kake shinshinar tumbin saniya kyauta fa, Yaya?”

“Inna, kin ji ta ko? Zan ɓalla yarinyar nan.”

“Ku bar ni in yi karatuna,” na ce.

Na ci gaba. A labarin, bayan an gama korar duk masu dafa miyar wancan gefen, sai masu kaki suka rasa aikin yi, Mai Lasifika kuma ya rasa abin faɗa. Sai ya gano cewa a cikinmu ma akwai gauraye. Ya ce waɗanda suka zo daga Nijar ba asalin namu ba ne, aka ja musu tasu katangar. Bayan su sai Kiristocin da ke jin Hausa. Bayan su sai aka koma kan wanda ya cika baƙi da wanda ya cika fari.

Daga nan rubutun ya ƙanƙance, don takardar ta kusa ƙare mata, ta matse layukan. Na kai littafin kusa da ido, na nisanta shi, na kasa.

“Kai yaron nan, idona ya gaza. Karanta mini nan zuwa ƙasa.”

“Inna, hannuna da ruwan dutse.”

“Goge a wandonka.”

Ya goge, ya karɓa yana murmushin raini. Ya fara da sauri, da muryar wasa, yana kwaikwayon masu karanta labarai a rediyo. Wurin da ya samu shi ne inda Mai Lasifika ya ce saura haifaffun Legas. Ya ce manja ya shiga jininsu, harshensu ya karkace, in suna mafarki da Yarabanci suke yi. Aka tura wani saurayi mai kaki, wanda ya fi kowa iya shinshina, ya duba wani gida. Da ya shiga sai ya ga gidansu ne. Uwarsa tana zaune a gaban murhu. Ya buɗe tukunyar ya ji abin da ya sani tun yana goye: miyar kuka ce, amma da iru a ciki, daddawar Yarabawa, wadda wata maƙwabciya ta koya wa uwar sakawa. Duk rayuwarsa wannan yake ci yana ce masa miyar gida. Abokan aikinsa suna tsaye a ƙofa suna jiran ya faɗi abin da ya ji.

Muryar rediyon ta ɓace tun kafin ya kai nan. Ya juya shafin, ya ga babu komai.

“Ina sauran?”

“Ban rubuta ba,” in ji ta. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

“To me ya ce musu?”

“Oho. Ni ma ban sani ba.”

Ya dube ni. “Inna, da gaske iru kike sa mana a miyar kuka?”

“Tun kafin a yaye ka. Daddawar gida ba kullum ake samu ba a lokacin. Iya ce ta ce in gwada tasu. Babanka ya ce ta fi daɗi, shi ke nan na zarce.”

Na san abin da ya tuna, don ni ma shi na tuna. Sau ɗaya na taɓa kai shi garinmu, yana ɗan saurayi. 'Yan uwansa suka yi ta yi masa dariya, suna ce masa Bayarabe, wai Hausarsa da ƙamshin manja. Ya dawo ya ce ba zai sake zuwa ba. Ƙanwarsa ba ta manta ba, ashe.

Sai ya fusata, amma da labarin ya yi faɗan, ba da mu ba.

“Wannan garin naki ƙarya ne. Ko mako ba zai yi ba. Kin taɓa zuwa kwata? Mu ke kawo shanu, mu ke yankawa, amma su wa ke saye su kai kasuwanni? Matan da ke wanke kayan ciki su waye? Masu motar ɗaukar nama fa? In kika gina katanga, nama ya ruɓe a nan, can kuma su ci gaya. Kafin la'asar kowa ya fito da guduma.”

“To ai ba ni na ce a daina saye da sayarwa ba, Yaya. Ogan ku ne. Ni rubutawa kawai na yi.”

“Shi ba haka yake nufi ba.”

“Me yake nufi?”

Ya ajiye littafin a kan buhun, kusa da wuƙaƙen, ya tashi ya shiga wanka.

Kafin ya fito na ɗauko ɗan naman da ya kawo jiya. Na ce, “Tunda ka wasa su, yanka mini wannan ƙanana.” Ya tsuguna da kayan Juma'arsa ya yayyanka, ya wanke wuƙar, ya naɗe su duka a tsumma. Ya tafi masallaci da hannu wayam, amma ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, inda zai ɗauka da sauri in ya dawo.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, na sa mata iru har ya ɗan fi na kullum. Na sauko da kwanon Iya na sake ɗauraye shi. Na zuba, na rufe, na ɗaure da ɗankwali. Na ajiye shi a bakin ƙofa, gefen ƙunshin wuƙaƙen.

Ana saukowa daga masallaci lasifikar ta fara kira. Ina jin takun samari suna wucewa ta lungu. Ya shigo da sauri, ya sunkuya, sai ya ga abu biyu a gabansa.

“Kwanon mutane ya daɗe a wurinmu,” na ce. “Ban taɓa riƙe shi haka ba, kunya nake ji. Ƙafata ba za ta kai ni tsallake ba, ƙanwarka kuma mace ce. Na ji an ce can za ka.”

“Inna…”

“Da hannu biyu ake riƙe shi, miyar ta cika. Ka bi a hankali.”

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, don ba na so ya zaɓa ina kallonsa. Na ji tsayuwarsa ta yi tsawo. Na ji ƙanwarsa ta ja numfashi. Sannan na ji takunsa ya fita.

“Inna,” ta ce da ƙaramar murya, “fito ki gani.”

Ƙunshin wuƙaƙen yana nan inda yake. Kwanon ne babu.

Sai bayan la'asar ya dawo, kuma tsakanin fitarsa da dawowarsa ban san adadin abin da na karanta na addu'a ba. Ya shigo riƙe da kwanon da hannu biyu, an ɗaure shi da wani ɗankwalin daban. Ya ce bai bi ta wurin taron ba, ya zagaya ta wajen kasuwa. A tsallake wasu samari suka tare shi suka ce me ke ciki. Ya ce musu da Yarabanci abincin Iya ne. Suka ce ya buɗe. Ɗayansu ya sunkuya ya shinshina.

“Wallahi Inna, shinshinawa ya yi! Na kusa yin dariya. Na ce a raina, yarinyar nan mayya ce.”

“Ka ji ko!” in ji ƙanwarsa. “Sai ka biya ni kuɗin duba.”

Wanda ya shinshina ɗin ya ce wannan ai da iru a ciki, ya tambaye shi wace Iya. Ashe ya san ɗanta. Shi ya raka shi har ƙofar gidan.

“Me ta ce?” na tambaya.

“Ta yi kuka. Ta gama ta zage ni tas, wai na rame, wai wata nawa ban zo gaishe ta ba. Ta ci tuwon a gabana. Ta ce a gaya miki barkono ya yi kaɗan.”

“Ita dai Iya ba a taɓa cika mata barkono ba.”

Na kwance ɗankwalin. Amala ce da ewedu, har da kifi. Mu uku muka zauna muka cinye a kwanon.

Taron bakin layin dogo an yi shi, an yi jefe-jefe, wasu 'ya'yan mutane sun kwana a asibiti. Mai Lasifika bai je ba, an ce yana da uzuri a Ijora. Ba zan ce labarin 'yata ya gyara gari ba. Ɗa ɗaya na san ya riƙe mini, kuma abin da nake roƙo ke nan.

Iya ta dawo ɗakinta kafin azumi. Littafin kuwa ya zaga gidan, har ɗanta ya sa aka fassara masa. Kowa ya karanta sai ya tambayi abin da mai kakin nan ya ce wa abokan aikinsa, ita kuma ta ƙi rubutawa. Yayanta ya fi kowa matsa mata. Wata rana da yamma ina tankaɗe a baranda na ji suna ta musu a kai.

“Ki rubuta ya ce bai ji komai ba.”

“Ƙarya ke nan zai yi.”

“To ki rubuta ya cire kakin ya zauna ya ce a zuba masa.”

“Su kuma na bakin ƙofa fa?”

“Su ma a zuba musu mana. Tun safe suke shinshinar miyar mutane, kin zaci ba sa jin yunwa?”

Ta ce za ta duba. Ni dai na ci gaba da tankaɗena, don kwanon yana wurina a ranar, kuma Iya ta riga ta leƙo sau biyu.